Ranƙwashin da Ya Bar Mini Yatsu Goma

Jama'a, salamu alaikum. Abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, ba kuma a bakin wani na tsinta ba, ni ɗin nan ya faru da ni, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba, in ma akwai abin da na yi to ragewa na yi, don wani wurin akwai kunya. Hannun daman nan da nake danna muku rubutun nan da shi, saura ƙiris a ce yau babu shi. Saboda haka mai dariya ya yi dariyarsa, ni ma yanzu ina yi, amma don Allah a karanta har ƙarshe.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, lokacin ina aikin katako a wani lungu a Koki, nan cikin birnin Kano, a shagon ƙanin mahaifiyata, Kawu Ɗanjuma. Shagon ma ba wani shago ba ne, tsohon soron gidansa ne aka toshe ƙofarsa ta ciki aka fasa wa gidan wata a gefe, ginin ƙasa, rufin azara, ƙofa ɗaya tal, in damina ta zauna sai ka ji ƙasan ɗakin da sanyi kamar gindin randa. Abin da ya cika soron shi ne injin tonin, wato injin nan da ake danne katako a tsakanin haƙoransa biyu, moto ya riƙa juya shi da gudu, kai kuma ka kara masa cizal yana feshin ɓawo har ya fito da siffar da kake so. Ƙafar kujera, ƙafar gado, sandar labule, duk da shi muke fitarwa. Tsoho ne tukuf, ƙarfe zalla, in ya tashi har kwanukan cikin gida sai sun amsa.

Kawu yatsunsa takwas ne. Na manuni da na tsakiya na hannun dama injin nan ne ya cinye su tun yana saurayi, ya bar masa dungu biyu masu tauri kamar kan taɓarya, kuma da dungun nan yake ranƙwashi. Ku da ba ku taɓa shan ranƙwashin mai dungu ba, ku gode wa Allah. Wuri ɗaya yake bugu, ba ya kuskure, can bayan tsakiyar kai daidai inda gashi yake zagayawa, sai ka ji ƙwas, ka ga wuta-wuta, ka manta sunan unguwarku. Kuma kada ku ɗauka yaro ne ni a lokacin, shekarata ashirin da bakwai, da gemuna, har ana maganar aurena, amma in na yi ba daidai ba, a gaban kowa zai ɗaga hulata ya ba ni, ya mayar mini da hular ya gyara mata zama. In na ɓata rai sai ya miƙo hannun dab da hancina ya ce, "Kai mai kunnen ƙashi, duba nan. Ni na ba shi biyu, kai kada ka ba shi ko ɗaya."

Dokokinsa kuwa ba sa ƙirguwa. Ba a zuwa kusa da injin da riga mai hannu yana reto, ko carbi ne a wuyanka sai ka cire. Ba a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, ba a tsaya masa ba takalmi, akwai wani ƙaton takalmin roba mai wari da ya ajiye a bakin ƙofa, wai shi za ka zura. Sannan in aka ɗauke wuta, ko a tsakiyar aiki ne, sai ya kashe makunni, ya zare filogi, ya naɗe wayar sau uku a jikin wata ƙusa da ke bango, ya jefa kan filogin cikin gwangwanin madara da ya rataye a ƙasan ƙusar, wai kada yoyo ko ɓera su same shi. Sau uku, ba biyu ba, ba huɗu ba. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce wata koriyar waya da ta fito daga jikin injin, ta bi ta taga ta tafi ga wani rodi da aka kafa a ƙasa a gindin katanga. Da rani Kawu har ban ruwa yake yi wa rodin nan da buta. Wata rana na ce masa, "Kawu, yaushe zai fara 'ya'ya?" Ranar biyu na sha.

To, Allah ya yi wa Kawu rasuwa bayan 'yar gajeriyar jinya, Allah ya jiƙansa, ya bar matarsa Inna Asabe a gidan, ni kuma aka bar mini shago da injin. Na yi kuka sosai, don shi ya riƙe ni tun da mahaifina ya rasu, amma ba zan ɓoye muku ba, bayan an yi sadakar arba'in na shiga shagon na shafa kaina, na ji wani irin sakayau. A wata uku na rushe abin da ya shekara arba'in yana ginawa. Takalmin roba na wurga shi bayan tulin katako, gwangwanin madara ya bi shi. Filogi ya ƙone, maimakon in nemo wani sai na yanke shi, na fere bakin wayoyin na cusa su a soket na danne da tsinken ashana, yadda kowa yake yi. Koriyar wayar nan kuwa na ce wayar da ba ta kawo wuta ina amfaninta, na kwance ta na ba maƙwabcina Malam Sabo tela, ya ɗaura a shagonsa yana rataye ɗinkunan mutane, har yana sa mini albarka.

Babbar dabarata kuma ita ce, in aka ɗauke wuta ba na kashe injin, a kunne nake barin sa in fita majalisa, don da an dawo da ita zai ɗauki ƙugi duk lungun ya ji. Kun san halin wutar birni, ba ta sallama in za ta zo, ba ta sallama in za ta tafi. Sai injina ya zama shi ne mai shela. Da ya yi gurnani sai ka ga Malam Sabo ya zabura ya hau keke, mai markaɗe ya ruga, matan gida suna ta jona waya a caji. Har yabona ake yi, ana cewa ai na fi marigayi wayewa, ni kuma kaina yana ta ƙara girma.

Da damina ta kankama sai injin ya fara cizo. Ranar farko na idar da alwalar azahar ke nan, na shigo ba takalmi don in ɗauki hulata, na dafa jikin injin, ai kuwa sai na ji wani abu ya fizge ni tun daga yatsa har haƙori, na yi tsalle na faɗa kan buhun garin katako. Na tashi na leƙa waje, ba wanda ya gani, na kakkaɓe jikina na yi gum da bakina. Bayan kwana biyu Malam Sabo ya yi alwalar la'asar a bakin kwata, ya tuɓe takalmi ya shigo yana tsane gemu, yana ba ni labarin wani mai tumbi da ya zo awo, ya jingina da injin. Mutum mai shekara sittin, mai ciwon gwiwa, wanda sai an kama shi yake hawa babur, wallahi kafin in ƙifta ido yana tsakiyar lungu, hula gabas, carbi yamma, yana ta jero a'uziyya.

Da ya dawo hayyacinsa sai ya zauna ya yi nazari. Ya tambaye ni ko ni ma an taɓa ni, na ce e. Yaushe? Bayan alwala. Shi ma bayan alwala. Alhali kullum ina aiki a kansa da silifas ɗina tun safe, lafiya lau. Malam Sabo ya tafa hannu ya ce magana ta fito, aljani ne ya tare a injin tun da mai shi ya rasu, kuma kafiri ne, ba ya ƙaunar mai tsarki. Kafin magariba labari ya kai Dukawuya. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga bakin ƙofa, wasu in za su wuce sai sun tsallaka ɗaya gefen kwata.

Ana cikin haka sai ga Ilu mai gyaran wuta, abokina ne tun firamare, mutumin kirki, amma kowa ya san sallarsa sai an yi da gaske, shi kullum "yanzu zan yi". Ya shigo da ƙaton kambas ɗinsa mai kaurin ƙasa, ya dafa injin da hannu biyu, ya shafa shi, har da rungumewa. Ko gezau. Malam Sabo daga bakin ƙofa ya ce, "To kun gani! Ya san nasa."

Ilu ya ji haushi ƙwarai. Ya zaro tasta, abin gwada wuta, daga aljihu ya ɗora a jikin ƙarfen, sai ga ta ta kawo ja. Ya ce, "Malam Sabo, ga aljanin naka nan. Wuta ce take zuba a jikin bodi. Yoyo yana ɗiga a kan moto, robar wayar ciki kuma ta cinye. Ku kun zo da jiƙaƙƙiyar ƙafa kun taka ƙasa mai danshi, ta samu hanya ta bi ta jikinku. Ni roba ce a ƙafata, ba ruwan sallata a ciki."

Ya waiwayo wajena ya ce, "Ina at ɗin da marigayi ya sa?" Na ce wane ne kuma at? Ya ce koriyar wayar da take tafiya ƙasa mana, ita take kwashe irin wannan wutar ta kai ta cikin ƙasa kafin ta samu mutum. Ni da Malam Sabo muka kalli juna, muka kalli shagonsa, ga ta can ɗauke da wanduna shida. Da Ilu ya ga tsinken ashana a soket kuwa sai ya riƙe kai. Ya ce in rufe shagon ya zo ya gyara komai, in ba haka ba wata rana ko dai gawata a ɗauka ko guntun hannuna. Na ce na ji, bari dai in kammala aikin da ke gabana, mako mai zuwa. Makon nan sai da ya zama huɗu.

Malam Sabo shi bai gamsu ba, ya ce shi bai taɓa jin wutar da ta san alwala ba. Washegari ya zo da kasko da garwashi da turare zai yi wa injin hayaƙi, a ɗakin da garin katako ya kai idon sawu. Tartsatsi ɗaya ya faɗi, sai da muka ƙarar da ruwan butoci huɗu har da kokon da zan karya da shi. Ya ce yauwa, ka ga ya fusata ke nan, alamar turaren ya shige shi.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce. Muciyar Inna Asabe ta karye kwana biyu kafin nan, ta ce in fitar mata da wata, na ce ai wannan aikin minti goma ne. Na ɗaura katako mai kyau tun da safe, na fitar da siffa, saura gugar sanfefa kawai aka ɗauke wuta. Na bar injin a kunne kamar kullum, na kulle shago na tafi gida. Aka yi ruwa da hantsi ya ɗauke. Na yi wanka, na yi alwala, na saka sabuwar babbar rigata ta shadda fara sol, wadda Malam Sabo ya yi wata guda yana yi mata aiki a wuya, ranar ce sawar farko, don daga masallaci zan wuce gaishe da surukai. Na fito ina taku ɗai-ɗai ina tsallake taɓo, ina isowa daidai ƙofar shago injin ya ɗauki ƙugi. An kawo wuta.

Na tsaya. Zuciya ɗaya ta ce wuce masallaci, ɗaya ta ce wutar nan kafin a sauko ta gudu, kuma Inna tun shekaranjiya da muciyar aro take tuƙa tuwo. Lungun ba kowa, maza duk sun tafi, Malam Sabo ma ya ja ƙofarsa. Na buɗe shago, na cire sabon takalmina a bakin ƙofa don kada gari ya ɓata shi, na taka danshin ƙasa da ƙafar da ba ta gama bushewa ba, na ɗage hannayen rigar na aza a kafaɗa kamar wani attajiri, na yagi sanfefa na zagaya ta a jikin muciyar tana juyawa, na damƙe da hannun dama. Duk dokar da Kawu ya kafa a minti ɗaya na take ta, ban bar ko ɗaya ba.

Ina sunkuyawa gwiwar hannuna ta hagu ta taɓa ƙarfe. Wuta ta ɗebe ni, na zabura, hannun rigar dama ya zamo daga kafaɗa ya sauka kan muciyar. Jama'a, ban san yadi yana da ƙarfi ba sai ranar. Kafin in ce wayyo injin ya naɗe hannun rigar, ya haɗa da hannuna a ciki, ya fizgo ni gaba har haɓata ta kusa taɓa katakon, cikina ya manne da ƙarfe, wuta tana ta girgiza ni, haƙorana suna haɗuwa. Makunnin yana can ɗaya gefen, hannun hagu ba ya kai masa, soket kuma yana bango, taku huɗu tsakanina da shi. Ina jin wuyan hannuna yana murɗewa, shaddar tana ƙara tana shaƙe ni. Na buɗe baki zan yi salati, murya ta ƙi fita. Abin da ya faɗo mini a rai, wallahi, ba mutuwa ba ce, hannun Kawu ne da dungunsa biyu, da cewa ni ba biyu zan bayar ba, dukkansa zan bayar, kuma a kan muciya.

Sai na ji ƙwas!

A bayan tsakiyar kai, daidai inda gashi yake zagayawa. Na ga wuta-wuta. Injin kuma ya yi wani dogon nishi ya tsaya cak.

Na daɗe a kife a kan injin ina haki, ina cewa alhamdulillahi, yau kam masu ɗauke wuta sun yi abin kirki. Sai da na ɗago na ga ƙwan fitilar shagon yana ci. Na kasa kunne, ga fankar Malam Sabo da ya manta a kunne tana kaɗawa ta bayan bango. Ba a ɗauke wuta ba. Na riƙa juya muciyar baya da hannun hagu a hankali ina warware rigar, inda ta ƙi na sa haƙori na yage, har na zaro hannun. Ya kumbura, fata ta saɓule a wuyan hannu, amma na ƙirga yatsun sau uku, biyar ne cif.

Sannan na waiwaya wajen soket. Wayar ba ta ciki. Tana naɗe a jikin ƙusar nan ta bango, sau uku, bakinta yana cikin gwangwanin madara, gwangwanin da ni da hannuna na wurga bayan katako tun watanni, ga shi a rataye a mazauninsa. Tsinken ashana biyu kuma an jera su a kan taga, kai da kai. Na taɓa kaina, hula tana nan daram, ko karkacewa ba ta yi ba, alhali a kan fatar kai na ji bugun. Na ɗaga ta na shafa, ƙululu ya taso kamar goro. Na leƙa waje, taɓo ne shimfiɗe a bakin ƙofa, sawun takalmina ne kaɗai a ciki. Na juyo na ce, "Salamu alaikum?" Ba wanda ya amsa, ni kuma ban tsaya jiran a amsa ba, na fita da gudu ba takalmi, da rabin riga.

Cikin gida na faɗa wajen Inna Asabe. Ta gan ni a haka ta yi salati, ta zaunar da ni ta wanke hannun ta ɗaure, ina ba ta labari. Da na zo kan ranƙwashin sai ta ce in sunkuyo. Ta cire hular ta lalubi wurin da yatsa, can na ji ɗigon hawaye a ƙeyata. Ta ce, "Ɗan nan, wanda ya tafi ya tafi, ba ya dawowa, kada ka je kana faɗa wa mutane shirme. Addu'a za ka yi masa." Ta share ido da haɓar zani, ta sake taɓa wurin ta ce, "Amma dai nan yake bugu." Ta mayar mini da hular, sannan ta ce, "Muciyar fa?"

Da aka sauko daga masallaci Malam Sabo ya iso. Ni ga hannu a kumbure, ga kai a kumbure, amma abin da ya fara ɗauka rigar ce, ya ɗaga ta yana kallon wuyan yana cewa, "Wata guda! Wata guda ina tsiyayar da idona!" Sai da ya gama makokin riga sannan ya saurare ni. Ya ce to shi ya janye maganarsa ta farko, aljanin nan Musulmi ne, kuma da alama ya daɗe a soron, a hannun marigayi ya koyi aiki, shi ya sa ya ɗauko har da ranƙwashin.

Ilu kuwa ya ce duk zancen banza ne. Wai da ina fizge-fizge ƙafata ce ta harɗe wayar ta zare ta. Na ce to ƙafar tawa ce ta naɗe ta sau uku a ƙusa, ta zagaya bayan katako ta nemo gwangwani? Ya ce ruɗewa ce, ni na yi da kaina bayan na kuɓuta, na manta. Na ce ƙululun fa? Ya ce katako ne ya buge ni. Na ce katakon yana gabana, ƙululun yana baya, a ƙarƙashin hula. Ya taɓa wurin, ya kalli ƙusa, ya kalli gwangwani, ya ce shi dai wuta ya sani, a bar maganar.

Washegari Ilu ya zo gyara. Ya buɗe moto ya sauya wayoyi, ya karɓo koriyar wayar daga shagon Malam Sabo ya mayar da ita jikin rodi, ya sa filogi mai ƙafa uku, ya kawo wani makunni mai ƙaton jan madanni ya ɗaura daidai gwiwata, irin wanda in an ɗauke wuta yake kashe kansa, ba ya tashi sai an danna. Muka hau sama muka toshe yoyo. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, tun da Ilu ya shigo shagon har ya fita, hular kwano ta 'yan babur ce a kansa. Na tambaye shi, ya ce wai mura yake yi. Da aka kira azahar kuma shi ya riga kowa sahun gaba. Mutanen lungu sun daɗe suna yi mini ƙorafi an raba su da mai shela. Muciyar kuwa sai bayan mako uku na gama ta, da singileti da takalmin roba mai wari, har yau da ita Inna take tuƙa tuwo.

Ni dai ban san abin da ya shigo soron nan ranar ba. Na san mamaci ba ya dawowa, haka aka karantar da mu, kuma na yarda. Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne, wani ya ce in gode wa Allah in daina bincike, wani tsoho kuma ya dube ni ya ce ko ma mene ne, ranƙwashin ya yi mini kaɗan. Ƙululun ya sace bayan mako guda, amma har yau in na doshi injin da hannun riga a sake, sai in ji wurin ya yi mini tsam, in tsinci kaina na duƙa.

Ku da kuke aiki da inji, ko tonin ne ko na markaɗe ko na yankan katako, don Allah ku ji tawa. Ku cire babbar riga, ba wanda zai raina ku don ya gan ku da singileti. Ku bushe hannu da ƙafa bayan alwala, ku sa takalmi. In ƙarfe ya fara jan ku kada ku kira mai turare, ku zare waya ku kira mai gyara a ranar, ba mako mai zuwa ba. Ashana ta kunna murhu ce, ku bar ta a can. In aka ɗauke wuta ku kashe inji. Koriyar wayar nan kuma da kuke gani kamar ba ta aikin komai, ku bar ta inda kuka same ta. Ni an zare mini waya a lokacin da hannuna ba ya kai, ban san wa ya zare ba, kuma ban yi muku alkawarin akwai irinsa a shagonku ba.

Yanzu ni nake yi wa rodi ban ruwa da rani, masu wucewa suna yi mini dariya. Kawu ya ba injin nan biyu, ni har yau ban ba shi ko ɗaya ba. Duk yamma in na tashi aiki nakan zare filogi in naɗe wayar a jikin ƙusa, ina ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, don in akwai mai saurare ya ji.